Ɗan robot mai tsokar ɓera: kundin aikinmu daga Maris zuwa Mayu 2025

3 ga Maris

Da safiyar yau na ciro kwalbar farko daga tankin naitirojin. 'Yar kwalba ce, ba ta kai ƙaramin yatsa ba, amma akwai ƙwayoyin tsoka kusan miliyan ɗaya a daskare a cikinta. Na tsoma ta a ruwa mai ɗumin digiri 37, ina jujjuyawa har ƙanƙarar ta kusa narkewa, sannan na yi maza na juye ta cikin ruwan kiwo, wato ruwan abincin da ƙwayoyin ke rayuwa a ciki. Gaggawar tana da dalili. Sinadarin DMSO da ake daskarar da ƙwayoyin da shi yana kare su muddin suna cikin sanyi, amma da zarar sun farka sai ya koma musu guba.

Abin da muke son ginawa ɗan robot ne mai tsawon milimita 12, ba batir, ba inji, tsoka mai rai ce za ta ja shi. Ƙirarsa ba wuya: ƙafa biyu a tsaye, 'yar gada mai lanƙwasuwa ta haɗa su ta sama, sai zoben tsoka ya zagaye ƙafafun. In tsokar ta tsuke, ƙafafun su matso juna, in ta saki, gadar ta miƙe ta mayar da su. Ƙungiyar Rashid Bashir ta Jami'ar Illinois a Amurka ce ta nuna irin wannan ƙira a 2014, suka inganta ta da zoben tsoka a 2016. Sawunsu muke bi tukuna, sai hannunmu ya faɗa sannan mu kawo namu.

Ƙwayoyin kuwa C2C12 ne. Asalinsu daga tsokar cinyar wani ɓera David Yaffe da Ora Saxel suka raino su a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila a 1977, daga baya ɗakin gwajin Helen Blau a Stanford ya ware zuri'ar da kowa ke amfani da ita yau. Ɓeran ya daɗe da mutuwa, jikokin ƙwayoyinsa kuwa ga su a gabana suna shawagi.

Mun daɗe muna muhawara a kan tsokar zuciya. Tana bugawa da kanta, ba ta jiran kowa, shi ya sa robot ɗin farko-farko da yawa da ita aka yi su. Matsalarta ita ce tsayar da ita. Tsokar jiki irin ta cinya tana zaune lafiya sai an umurce ta, mu kuma abin da za mu iya ba wa umurni muke so.

10 ga Maris

Mako guda ke nan ina raba su kwalba-kwalba duk bayan kwana biyu. Doka ɗaya ce ba a wasa da ita: kada a bari su cika farfajiyar kwalbar. Da sun kai kashi 70 cikin 100 sai a ɗaga su da sinadarin tirifsin a rarraba. In suka cunkushe suka taɓa juna, za su fara haɗewa su zama tsoka tun lokaci bai yi ba, waɗanda suka rage kuma su ne malalata, masu yaɗuwa ba sa haɗewa.

Yau muka zuba zobba takwas. Ana cakuɗa ƙwayoyin, miliyan 10 a kowace mililita, da fibirinojin da turombin da Matrigel. Na farkon biyu su ne ke daskarar da jini a bakin rauni, wato gudan jini muke yi da gangan, amma ba jan launi. Matrigel kuma, wani jel na furotin da ƙwayoyin ke kamawa, dole ya zauna a kan ƙanƙara, domin da ya ji ɗumin ɗaki sai ya kama jikinsa. Turombin ne na ƙarshen shiga. Daga nan kana da daƙiƙu kaɗan ka ɗura cakuɗin cikin ramin silikon mai siffar zobe kafin ya daskare maka a bakin bututu. Ɗaya ya daskare min haka. Bakwai sun shiga lafiya.

13 ga Maris

Na daɗe a kan maikuroskof yau fiye da yadda aiki ya buƙata.

Ranar da muka zuba su, jel ɗin ya cika ramin fal, fari-fari kamar hazo. Yanzu ya janye daga bangon waje gaba ɗaya, ya rungume ginshiƙin tsakiya, ya koma siriri mai kauri kamar zaren ɗinki da aka ninka. Ba wanda ya matse shi. Ƙwayoyin ne suka kama zaruruwan fibirin, wato fibirinojin ɗin da ya daskare, da 'yan hannuwansu, kowacce tana ja, ruwan ya fita, zoben ya tsuke. Idan ka duba sosai za ka ga sun fara juyawa suna jeruwa a kan layin da jan ya fi ƙarfi, wato zagayen zoben, kamar ciyawar da ruwa ya bi ta kanta.

Ɗalibar da ke taya ni ta leƙa ta ce, "Malam, wa ya gaya musu inda za su fuskanta?" Na ce mata jan da suke ji ne. Ƙwayar tsoka tana gane inda ake tirje mata, can take miƙewa.

17 ga Maris

Mun yi asarar duka bakwai ɗin.

Da na buɗe akwatin ɗumi da safe, launin ruwan kiwon ne ya fara gaya min. Akwai rini a cikinsa mai nuna tsami: ja mai haske in lafiya, rawaya in ya yi tsami, shunayya in ya karkata ɗaya gefen. Shunayya na tarar. Tukunyar iskar kabon dayoksaid ta ƙare tun wani lokaci a ƙarshen mako, kuma ruwan nan bai daidaita sai da kashi 5 cikin 100 na iskar a cikin akwatin. Ƙwayoyin sun dunƙule, sun saki jel ɗin. Na sa musu sabon ruwa na jira har yamma, ba abin da ya farfaɗo.

Abin ya yi min ciwo ƙwarai, mako biyu ke nan. Mun sa tukunya ta biyu da na'urar da ke sauyawa da kanta in ɗaya ta ƙare, mun kuma rataye takarda a jikin ƙofa, duk wanda ya fita ƙarshe ya rubuta abin da agogon tukunyar ya nuna. Allah ya sa kwalaben da nake rainon iri suna wani akwatin daban.

27 ga Maris

Zubi na biyu mun yi shi ranar 24, zobba goma. Yau aka ɗora su a kan ƙwarangwal.

Ƙwarangwal ɗin da firintar 3D muke buga shi, daga wani ruwa mai suna PEGDA wanda hasken ultarabayolet ke daskararwa zubi-zubi. Bayan bugawa sai ya kwana biyu a jiƙe, ana sauya ruwan, saboda ragowar sinadarin da bai daskare ba yana kashe ƙwayoyi.

Ɗorawar ita ce aikin da ya fi sa ni riƙe numfashi. Hantsaki biyu masu laushin baki, ɗaya a kowane hannu, komai a ƙarƙashin ruwa. Ka zare zoben daga ginshiƙinsa, ka ɗan buɗa shi, ka rataya a ƙafa ɗaya, ka ja a hankali zuwa ta biyu. In ka matse shi da ƙarfi ka murƙushe ƙwayoyin wurin, in ka sassauta ya suɓuce ya naɗe kansa. Mun sa 'yar hula a ƙarshen kowace ƙafa don kada zoben ya zame ya fita. Tara sun hau, ɗaya ya tsinke.

Daga yau abincinsu ya canja. A da ruwan kiwon yana ɗauke da kashi 10 cikin 100 na ruwan jinin ɗan tayin saniya, wanda ke sa su yaɗuwa. Yanzu ruwan jinin doki ne, wanda bai da yawan abubuwan da ke zuga yaɗuwa, sai ƙwayoyin su daina haihuwa su fara haɗewa. Mun ƙara IGF-1, wani sinadarin haɓaka girma, don tsokar ta yi kauri. Zancen ɗan tayin nan yana damuna duk lokacin da na buɗe kwalbarsa. Muna cewa za mu rage dogaro da dabbobi a gwaji, alhali abincin ƙwayoyinmu daga mahauta yake fitowa. In aikin nan ya tsaya da ƙafarsa, ina son mu gwada ruwan kiwon da ba jini a ciki.

2 ga Afrilu

Zobba biyu da gangan muka hana su sinadarin aminokafuroyik asid, don ɗalibar ta ga amfaninsa da idonta. Ta gani. Ƙwayoyin suna fitar da abin da ke narkar da fibirin, kamar yadda jiki ke share gudan jini bayan rauni ya warke, sinadarin nan kuma shi ke taka musu burki. Biyun sun sirance a tsakiya, ɗaya ya tsinke jiya da dare, ɗayan ma yana hanya. Saura bakwai.

7 ga Afrilu

Ta motsa.

Tun ranar Juma'a nake ganin dogayen zaruruwa a gefen zobban, kowanne da cibiyoyi da yawa jere a cikinsa, alamar ƙwayoyi goma ko ashirin sun narke cikin juna sun zama zare ɗaya. Yau na sa wayoyin filatinam biyu a gefe da gefen farantin, na kunna bugun lantarki sau ɗaya a daƙiƙa. Da farko ba komai. Na ɗan ƙara ƙarfi. Sai gefen zoben ya yi wani ɗan firgigit, kamar fatar ido in tana rawa, ya tsaya, ya sake, daidai da ƙyaftawar fitilar na'urar. Na kashe, ya tsaya cak. Na kunna, ya ci gaba. Sau biyar na yi haka kafin na kira kowa.

Luigi Galvani ya ga ƙafar mataccen kwaɗo ta harba da lantarki, ya wallafa a 1791. Na san labarin tun ina makaranta. Amma shi tsokar da Allah ya riga ya gina ya taɓa. Wannan kuwa mako biyu da suka wuce ruwa ne fari a bakin bututuna.

9 ga Afrilu

Murna ta koma ciki. Tsokar tana tsukewa, ƙwarangwal ɗin ko gezau. Na auna a bidiyo, ƙafafun ba sa matsowa fiye da 'yan maikuromita (maikuromita dubu ne milimita ɗaya), abin da ido ba ya gani. Gadar ta fi ƙarfin tsokar.

Na je wurin shugabar ɗakin gwajinmu na ce, "Malama, ina ganin mu yi gadar da laushi sosai, yadda ko ɗan ja kaɗan zai lanƙwasa ta." Ta ce in je in tuna abin da na gani ranar 13 ga Maris. Sai da na koma kujerata na gane nufinta.

Tsoka tana da ja iri biyu. Akwai wanda take yi in an buga mata lantarki, akwai kuma na kullum, wanda ba ya tsayawa dare da rana, shi ne ya tsuke zoben tun farko. In gadar ta yi laushi da yawa, wannan jan na kullum zai naɗe ta tun kafin a kunna komai, ƙafafun su haɗe, zoben ya saki. Tsokar da ta saki kuma ba ta girma. Zaruruwanta ba sa jeruwa, 'yan ɗakunan da ke cikinsu masu yin tsukewar, wato sakomiya, ba sa shiryuwa layi-layi. Duk wanda aka taɓa ɗaure masa karaya ya san yadda hannu ke fitowa a rame bayan makonni. Ke nan gadar aiki biyu take yi a lokaci guda: ita ce abin da tsokar za ta motsa, ita ce kuma abin da tsokar ke kokawa da shi har ta yi ƙarfi. In ta yi tauri, ba tafiya. In ta yi laushi, ba tsoka. Wurin da ya dace ɗan siriri ne, kuma yana matsawa kullum, domin tsokar ranar 7 ba ita ce ta ranar 14 ba.

A nan ne na ga bambancin wannan aiki da duk wanda na taɓa yi. Injin lantarki yana zuwa da takardarsa, ƙarfinsa kaza, ka zana sauran a kansa. Namu injin kiwonsa muke yi, kuma ƙarfin da zai yi ya dogara da gidan da muka sa shi.

Lissafin dai yana taimakawa. Taurin gada wajen lanƙwasa yana bin kaurinta sau kaurinta sau kaurinta: in ka rage kaurin da rabi, laushinta ya ninka sau takwas. Don haka ba sai mun taɓa da yawa ba. Za mu buga kauri uku daban-daban, mu kuma rage hasken da ake haska PEGDA da shi, tunda yawan haske yana ƙara masa tauri.

Akwai wata matsalar. Bayan minti kaɗan na ga 'yan kumfa a jikin wayoyin, ruwan kusa da ɗaya ya yi rawaya, kusa da ɗayar ya yi shunayya. Lantarkin yana fasa ruwan ne zuwa haidurojin da oksijin. Mun koma bugu mai fuska biyu, ya tafi ya dawo, mun sa kafasita a layin, 'yar na'urar da ke hana lantarkin ya yi ta kwarara gefe ɗaya. Kumfar ta ɗauke.

17 ga Afrilu

Zubi na uku, na ranar 14, zobba goma sha biyu, huɗu a kan kowane kauri. Duka sun hau ba wanda ya tsinke, rabi ma ɗalibar ce ta ɗora. A wannan karon ƙafa ɗaya ta fi ɗayar tsawo kaɗan. In ƙafafun daidai suke, kowacce za ta ja ɗayar da ƙarfi ɗaya, robot ɗin ya yi ta rawa a wuri guda.

Za mu kuma fara ba su atisaye, minti kaɗan na bugun lantarki kowace rana tun daga kwana na huɗu da sauya abinci.

29 ga Afrilu

Huɗun da ke kan gada mafi siriri sun naɗe tun makon jiya, yadda Malama ta hango. Masu kauri suna nan ƙiƙam. Na tsakiyar ne suka yi.

Na sa takarda mai layukan milimita a ƙarƙashin farantin, farantin kuma a kan faifai mai ɗumi, domin da tsokar ta huce sai ta yi nauyi. Da bugu ɗaya a daƙiƙa, gadar ta ɗan gantsare, doguwar ƙafar ta ja, gajeriyar ta zame, aka saki, kuma bai koma daidai inda yake ba. Ya rage ɗan wani abu. Haka ya yi ta tarawa. Da ido sai ka rantse a tsaye yake, sai ka ɗauke kai ka dawo ka tarar ƙafar ta haye layi. Cikin minti uku ya ci layi huɗu.

Na gwada saurin bugun. Biyu a daƙiƙa ya fi ɗaya, uku ya fi biyu. Da na wuce goma sai tsokar ta daina samun damar sakewa tsakanin bugu da bugu, ta ƙage wuri ɗaya, robot ɗin ya tsaya a gantsare. Sakewar ma rabin tafiyar ce.

A cikin huɗun, uku sun yi tafiya, ɗaya yana kewaya kansa saboda zoben ya fi kauri a gefe guda. Don kwatance, robot mai ƙafa biyu da ƙungiyar Shoji Takeuchi ta Jami'ar Tokyo ta nuna a 2024 yana cin milimita 5.4 a minti, a cikin ruwa. Namu kusan rabin rabin wannan ne kawai, amma gaba yake yi, kuma yana tsayawa in an ce ya tsaya.

12 ga Mayu

Mun sadaukar da zobe ɗaya, muka yanka shi a gicciye muka rina. Bakin waje kyakkyawa ne, zaruruwa a jere, wasu har da ratsin sakomiya. Tsakiyar kuwa fayau, sai tarkacen matattun ƙwayoyi. Oksijin ba ya ratsa nama mai rai fiye da maikuromita 100 zuwa 200 in ba jijiyar jini, zobenmu kuma ya fi haka kauri nesa ba kusa ba. Wato ɓawon ne kawai ke aiki, cikin kaya ne yake ɗauka.

Wannan ita ce katangar da ke gaban duk mai wannan sana'a, ita ta sa robot ɗin suke 'yan mitsi-mitsi. A Fabrairun 2025 mutanen Takeuchi sun nuna hannu mai tsawon santimita 18 mai motsa yatsu da tsokar mutum, kuma ba tsoka ɗaya mai kauri suka raina ba. Sirara da yawa suka raina daban-daban, kowacce ta sha iska ta ƙoshi, sannan suka naɗe su dami guda. Dabarar ta burge ni. Za mu gwada ƙaramin kwatankwacinta: zobba biyu sirara a kan ƙwarangwal ɗaya maimakon guda mai kauri.

19 ga Mayu

Kwana 35 da zubi. Biyun da suka rage suna tafiya har yanzu, amma kusan rabin saurinsu na farko. Zobban sun ƙara tsukewa, gadar ta zauna a lanƙwashe ko ba lantarki, don haka wurin motsin ya ragu. Tsokar da ba ta da kishiya haka take, ja take yi har ta ƙure kanta. A jikinmu yawancin tsokokin gaɓoɓi kowacce tana da abokiyar adawa a ɗaya gefen gaɓar, ɗaya ta tsuke ɗaya ta miƙe. Kifin robot ɗin da ƙungiyar Kit Parker ta Harvard ta yi a 2022 yana da tsokar zuciya a gefe biyu na jelarsa, tsukewar ɗaya tana miƙar da ɗayar, miƙewar kuma tana tayar da ita, ya yi ta iyo fiye da kwana 100. Ina ganin ƙwarangwal ɗinmu na gaba sai ya samu wani abu makamancin haka, ko da zobe na biyu ne ta saman gadar.

Sauran batun shi ne wayoyin. Lantarki yana buga duk abin da ke cikin farantin lokaci guda, ba ka iya cewa zoben hagu ya ja na dama ya jira, ba juyawa hagu ko dama ke nan. Mafita ita ce ƙwayoyin da aka dasa wa furotin mai jin haske, wanda aka samo daga wani gansakuka mai ƙwaya ɗaya, yadda shuɗin haske mai tsawon zango kusan nanomita 470 zai sa su tsuke. Da shi aka tuƙa wani ɗan kifin robot mai fuka-fuki na Parker a 2016, mai ƙwayoyin zuciyar ɓera kusan 200,000 da ƙwarangwal na zinariya. Mun miƙa takardar neman izinin aiki da ƙwayoyin da aka sauya wa gado, muna jiran kwamitin tsaro.

Kafin nan, ramukan silikon na sirararan zobba sun bushe, suna cikin barasa yanzu. Gobe da safe za a haska su da ultarabayolet don kashe ƙwayoyin cuta, ranar Laraba insha Allah mu zuba goma sha shida. Na duba agogon tukunyoyin biyu kafin na fito, na rubuta a takardar ƙofa.